Idan loma ta shaƙe mutum: abin da za ka yi da hannunka kafin a kai asibiti

Tun bayan Babbar Sallah tambayar nan ta me za a yi idan loma ta shaƙe mutum take ta zuwa mini, musamman daga iyaye mata da masu jinyar tsofaffi a gida. Abin da ya sa na daina jinkirin amsawa shi ne abin da na gani a wani gidan biki a cikin gari. Tsokar nama ta tsaya wa wani dattijo a wuya, mutane sun fi ashirin a kansa, wannan na miƙa ruwa, wancan na salati, wata na ihun a nemo mota. Wani matashi ne ya ratsa su, ya sunkuyar da shi, ya buga masa baya sau uku, tsokar ta faɗo kan tabarma. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Da an tsaya jiran mota, ban san yadda za ta ƙare ba.

Aikin ba ya buƙatar magani ko na'ura, kuma ba a kashe ko sisi a kansa. Kayan aikin su ne hannuwanka biyu, waya a hannun wani, da kuɗin adaidaita sahu idan ta kama a tafi asibiti. Abin da ake buƙata shi ne a san me ke gaba, me ke biye.

1. San inda lomar ta tsaya

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka haɗiye yawu. Za ka ji ya haura sama ya dawo. Wannan motsin shi ne sirrin maganar gaba ɗaya. A cikin maƙogwaro hanya ɗaya ce daga baki da hanci, sai ta rabu biyu: hanyar iska a gaba, mai zuwa huhu, da hanyar abinci a bayanta, mai zuwa ciki. Kullum hanyar iska a buɗe take. Lokacin haɗiya ne kaɗai zakaran wuya yake haurawa, wani ɗan murfi mai kama da ganye ya kife a bakin hanyar iska, numfashi ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, loma ta wuce ta baya. Shi ya sa ba ka iya haɗiya da jan numfashi a lokaci guda.

Idan mutum yana magana ko dariya da abinci a baki, murfin yana buɗe, sai loma ta kauce hanya. Hanin da iyayenmu suke yi na surutu a kan akushi ba ladabi kaɗai ba ne.

Don haka abu biyu ne ke faruwa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ko dai abin ya shiga hanyar iska, wannan shi ne mai kisa cikin mintuna. Ko kuma ya maƙale a hanyar abinci, kamar ƙashin kifi, wannan yana da ciwo amma mutum yana numfashi.

2. Tambaye shi, ka saurara

Tsaya a gabansa ka ce da ƙarfi: "Baba, ka shaƙe ne?" ko "Hajiya, kina iya magana?" Amsar ce za ta gaya maka matakin gaba.

Idan ya amsa, ko yana tari mai ƙarfi, ko yaro ne yana tsala kuka, to iska tana wucewa. Ƙwarewa ce. Ka ce masa ya ci gaba da tari, ka tsaya kusa, ka zuba ido. Babu bugun da ya kai tarinsa ƙarfin fitar da abin.

Idan kuwa ya buɗe baki ba sauti, ya riƙe wuya da hannu, idanu sun firfito, tarin ba ya fita ko yana fita a shaƙe, leɓɓa da cikin baki sun fara sauya launi suna yin duhu, hanyar ta toshe. A nan mutane suke ruɗewa, domin mun saba ɗaukar mai ihu a matsayin wanda ya fi shiga haɗari. A wannan lamari mai shiru shi ne abin tsoro. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan kamar minti 4 ba iska, kuma duk wanda ya san cunkoson Kano da yamma ya san minti 4 ba za su kai ka ko bakin titi ba, balle Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Gargaɗi: kada ka ba shi ruwa. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu. Ruwa hanyar abinci yake bi, abin kuma yana hanyar iska, ba za su haɗu ba. Abin da zai faru shi ne ruwan ya ƙara sarƙe shi.

3. Ware mutum ɗaya ya nemo taimako

Kada ka ce "a kira mota", kowa zai ɗauka wani ya tafi. Nuna mutum ɗaya da yatsa: "Kai, fita ka tsayar da adaidaita. Ke, kira 112." Kai kuma kada ka bar wurin. Idan ku biyu ne kawai a gidan, fara aikin tukuna, ka saka wayar a lasifika tana ringi kana yi.

4. Bugun baya sau biyar

Tsaya a gefensa, ɗan baya kaɗan. Tallabe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ka sunkuyar da shi sosai, kamar mai ruku'u, kansa ya yi daidai da ƙirjinsa ko ya fi shi ƙasa. Da gindin tafin ɗaya hannun, wato wurin nan mai tauri kusa da wuyan hannu, buga tsakanin allunan kafaɗunsa biyu. Bugu na gaske, ba lallashi ba. Bayan kowane bugu ka duba ko abin ya fito. Idan ya fito a na biyu, ka tsaya, ba dole sai an cika biyar ba.

Gargaɗi: sunkuyarwar nan ba ado ba ce. Idan ka buga bayan mutum yana tsaye ƙyam ko yana zaune a miƙe, abin zai iya motsawa ya ƙara gangarawa ciki. A sunkuye kuwa, idan ya motsa, baki zai nufa. Kuma kada a doki ƙeya ko wuya.

5. Matsa ciki sau biyar

Idan bugu biyar ba su yi ba, koma bayansa. Saka ƙafarka ɗaya tsakanin ƙafafunsa don ka samu tsayuwa, idan ya sulale ka iya tare shi. Zagaye kugunsa da hannuwanka. Dunƙule hannu ɗaya ka ɗora shi, ta gefen babban yatsa, a saman cibiya kaɗan, ƙasa da ƙahon zuci. Kama dunƙulen da ɗaya hannun. Sai ka fizgo ciki da sama a lokaci guda, kamar kana son ɗaga shi daga ƙasa. Kowace fizga daban, da ƙarfi, har sau biyar.

Abin da kake yi shi ne matse iskar da ta rage a huhu ta yi sama da ƙarfi, ta tunkuɗo abin kamar yadda murfi ke tashi daga bakin gora idan an matse ta. Wani likitan Amurka, Henry Heimlich, shi ya yaɗa dabarar a 1974, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke kiranta da sunansa.

Idan har yanzu bai fito ba, koma bugun baya biyar, sannan matsa ciki biyar, haka za ka yi ta juyawa har abin ya fito ko mutumin ya suma.

Gargaɗi: kada hannunka ya hau kan haƙarƙari ko ƙahon zuci, za ka iya karya shi. Kada kuma ka gwada wannan da ƙarfi a kan mai lafiya da sunan koyo. A nuna wurin ɗora hannu kawai.

Mace mai tsohon ciki, da mutum mai ƙibar da hannunka ba zai zagaye shi ba, ba a matsa musu ciki. Shigar da hannuwanka ta ƙarƙashin hammata, ɗora dunƙulen a tsakiyar ƙashin ƙirji, ka ja baya kai tsaye. Yaro da ya haura shekara ɗaya ana yi masa kamar babba, sai dai ka durƙusa ka yi daidai da tsawonsa, ka rage ƙarfi gwargwadon jikinsa.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, domin a garinmu tana cin lokaci. Namiji ya ga mace ta shaƙe, ko mace ta ga surukinta ya shaƙe, sai kunya ta riƙe hannu, a tsaya neman wanda ya dace ya taɓa. Idan akwai wanda ya iya kuma ya fi dacewa a kusa, madalla. Idan babu, ka yi. Malamanmu sun daɗe da faɗin cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma babu larurar da ta wuce rai yana fita a gabanka.

6. Jariri ƙasa da shekara ɗaya

Uwa, wannan naki ne, kuma ya bambanta da na manya. Ba a matsa wa jariri ciki, hantarsa tana kusa kuma ba ta da kariya sosai.

Zauna a kujera ko bakin gado. Kifa jaririn a kan hannunki, hannun yana kan cinyarki, kansa ya fi ƙugunsa ƙasa. Riƙe haɓarsa da yatsunki ta gefen muƙamuƙi, kada ki matse masa laushin wuya. Buga tsakanin allunan kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar, kina dubawa bayan kowane bugu.

Idan bai fito ba, tallabe ƙeyarsa ki juyo shi rigingine a kan ɗaya hannun, kai yana ƙasa har yanzu. Ɗora yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin da ya haɗa nonuwansa. Danna ciki sau biyar, kowace dannawa da ɗan kaifi, ba da gaggawa ba. Sai ki sake kifa shi. Biyar a baya, biyar a ƙirji.

Gargaɗi: kada ki zura yatsa a bakinsa kina laluben abin da ba ki gani ba. Maƙogwaron jariri bai fi faɗin ƙaramin yatsansa ba, laluben zai tura abin ya zauna daram. Idan kin hango shi a bakin harshe, ki zaro shi. Idan ba ki gani ba, ki bar shi. Kada ki riƙe shi ta ƙafa ki reto shi kai a ƙasa, kada ki jijjiga shi. Hura masa iska a fuska ko a maɗiga, da ɗaga masa hannuwa sama, ba sa fitar da komai, lokaci kawai suke ci.

7. Idan ya suma

Sauke shi ƙasa a hankali, a kan wuri mai tauri, ba katifa ba. Kwantar da shi rigingine. Durƙusa a gefensa, ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. Danna ƙirjin ya nutse kamar santimita 5, ka sake shi ya dawo, da sauri, wajen sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a kowace daƙiƙa. Ƙirga 30.

Bayan 30, buɗe bakinsa ka leƙa. Idan ka ga abin, cire shi. Ɗaga haɓarsa, toshe hancinsa, ka hura masa iska a baki sau biyu kana kallon ko ƙirji zai tashi. Sai ka koma dannawa. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri yatsu biyu, kuma bakinka zai rufe bakinsa da hancinsa tare, hurawar kaɗan. Idan ba za ka iya hurawar ba, kada wannan ya tsayar da kai, ci gaba da danna ƙirjin, dannawar kanta tana iya tunkuɗo abin.

Gargaɗi: kada a ɓata lokaci wajen yayyafa masa ruwa ko fifita ko shaƙa masa albasa. Ba suman zafi ba ne. Idan motar ta iso, a ci gaba da dannawa gwargwadon hali har a miƙa shi hannun ma'aikata. Hannu yana gajiya da wuri, ku riƙa karɓa-karɓa duk bayan minti 2.

8. Idan kai ne, kuma ba kowa

Kada ka shige banɗaki don kunya. Mutane da yawa idan sun shaƙe a taro sai su tashi su keɓe, a can kuma ake samunsu. Fito inda mutane suke, ka buga ƙofa ko kwano, ka nuna wuyanka. Idan gidan ba kowa, dunƙule hannu a saman cibiyarka ka fizga ciki da sama, ko ka sami bayan kujera mai ƙwari ko gefen teburi ka faɗa da saman cikinka a kai da ƙarfi, kana maimaitawa.

9. Bayan abin ya fito

Ana yin hamdala, sannan a tafi asibiti idan an matsa ciki ko an danna ƙirji, ko da mutumin ya ce ya warke. Matsawar tana iya yin rauni a ciki wanda ba a gani nan take. Kuɗin kati da na mota ba su kai abin da za a kashe ba idan aka bari sai bayan kwana biyu.

Akwai kuma wani tarko da ya fi shafar yara. Yaro yana cin gyaɗa ko gurjiya ko masara, ya ƙware, ya yi tari kamar zai mutu, sai ya lafa ya koma wasa. Kowa ya ce ta wuce. Wani lokaci ba ta wuce ba, ta gangara ne ta zauna a reshen huhu, galibi na dama. Bayan kwanaki sai tari ya ƙi ƙarewa, numfashi yana fito, zazzaɓi yana zuwa yana komawa, a yi ta sayen maganin tari a kemis. Idan haka ta faru, a kai shi Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko wani babban asibiti, kuma a gaya wa likita da baki: "Ranar kaza ya ƙware da gyaɗa." Wannan jimlar tana da muhimmanci, domin gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji kamar yadda ƙarfe ke fitowa, labarin ne yake sa likita ya nemi leƙa hanyar iskar.

10. Ƙashin kifi da batir

Wanda ƙashi ya maƙale wa yana numfashi, yana magana, haɗiya ce take masa zafi. Ba a buga masa baya, ba a matsa masa ciki. Abin da muka saba shi ne a ba shi ƙatuwar lomar tuwo ko ayaba ko burodi ya haɗiye ba tauna. Na san wasu za su ce sun yi ta yi musu. Amma ƙashin da ya soki nama, lomar tana iya ƙara nutsa shi, har ya huda hanyar abincin, wannan kuwa babbar jinya ce. A haska bakin da fitilar waya. Idan ba a gani ba, ko ciwon bai tafi ba, ko yawu ya gagara haɗiyuwa, a nufi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kuma kada a ci komai kafin a je, don wataƙila sai an sa shi barci kafin a ciro.

Ƙaramin batir mai faɗi, irin na agogo da rimot ɗin mota da kayan wasan yara, shi ne mafi sharri. Idan ya tsaya a hanyar abinci yana iya ƙona naman cikin awa 2. Ko zato aka yi yaro ya haɗiye shi, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, kada a sa shi amai, kada a jira ya fito a kashi.

11. Ɗura, da ciyar da marar lafiya

Ɗura ita ce abin da na fi so a daina. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara koko a tafin hannu a bakinsa. Ku tuna abin da muka faɗa a farko: mai haɗiya ba ya numfashi, mai numfashi ba ya haɗiya. Yaron da aka toshe wa hanci yana kuka dole ya ja iska ta baki, kokon kuma yana bakin, sai ya bi iskar zuwa huhu. Uwa ba mugunta take yi ba, tsoron yunwa ne, amma sakamakon yakan zama ciwon huhu ko abin da ya fi shi. A zaunar da yaro, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Idan ya ƙi abinci gaba ɗaya, akwai dalili, a nemi dalilin a asibiti. Haka ma maganin ruwa, a zuba shi ta gefen kumatu, ba a tsakiyar maƙogwaro ba.

Yaro ƙasa da shekara 4 ba a ba shi gyaɗa ɗaiɗaya, aya, alewa mai tauri ko dabino da ƙwallonsa. Nama a yayyanka shi ƙanana, a kuma zaunar da shi, ba ya ci yana gudu a tsakar gida ba. Balan-balan da ta fashe a kwashe ta, tana manne wa hanyar iska kuma tana da wuyar fita.

Tsofaffi, musamman wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, murfin nan nasu yana yin jinkiri. A zaunar da su a miƙe, a jingina su da matashi, kada a ba su abinci a kwance. Haɓa ta ɗan sunkuya, kada a ɗaga kai sama kamar mai shan ruwa daga buta. Cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin na gaba, kada a ja shi da hira. Ruwa zalla ne ya fi sarƙe da yawansu saboda saurin gangarawa, kunu mai ɗan kauri ya fi musu sauƙin sarrafawa. Bayan an gama a leƙa kumatun ɓarin da ya shanye, abinci yakan taru a can ba su sani ba, a kuma bar su a zaune na minti 30 kafin su kwanta. Idan muryar Baba tana fita kamar mai kurkurar baki bayan ya sha ruwa, ko yana tari a kowane cin abinci, ko zazzaɓi yana yawan kama shi, a faɗa wa likitan da ke duba shi a zuwa na gaba, a roƙi a gwada haɗiyarsa.